Dillali ya kai ni sayen gidan da nike haya

Jama'a, yau dillali ya so ya sayar mani da gidan da na kwana cikinai!

Kun san tun da muka baro Tozai haya nike nan Isa, kuma na daɗe ina neman nawa. Da sahe wani dillali, Malam Tukur, ya same ni kasuwa ya ce, "Taho ka ga gida. Mai shi sauri yake, kuma ka san gidaje sai tashi suke."

Na hau bayan mashin ɗinsa. Muka shiga unguwarmu. Muka shiga lungunmu. Sai ga shi ya tsaya ƙofar gidana!

Ya ce, "Rufin ga bai taɓa yoyo ba. Ɗan hayar da ke ciki ma, sati guda mun fitar da shi."

Ya yi sallama. Matata Hadiza ta leƙo ta ce, "Malam, har ka dawo? Ga furarka can."

Wallahi Malam Tukur saura kaɗan ya faɗi!

Nan take na kira Alhaji mai gidan. Na ce, "Alhaji, haka ake yi? Ko sanarwa babu?"

Sai ya ce, "Ka fi kowa cancanta. In kana so, an rage maka, kuma ba dillali."

Gobe za ni wurinai da shaidu! Hadiza har ta aika a sawo mata dashen mangwaro.