Ram Ɗin da Bai Shiga Ba

Shekara bakwai ke nan cif da 'yan bindiga suka tare motar da yayana, Malam Habibu, yake ciki a hanyar Kaduna, suka buɗe mata wuta. Yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Allah Ya ji ƙansa. A irin wannan rana halayen mamaci ake lissafowa. Ni laifina na zo faɗa, kuma sai mun bi ta cikin wata tsohuwar kwamfuta kafin a gane girmansa.

Yaya malamin firamare ne a Birnin Gwari. Yana da kwamfutar tebur mai ƙaton akwati, da ita yake buga wa makarantun ƙauye takardun jarrabawa, har daga Dogon Dawa ake kawo masa aiki a kan babur. Tsufa ya cim mata. In ya buɗe takarda biyu a lokaci guda sai ta tsaya tana nazari, kamar ɗalibin da aka tambaye shi abin da bai karanta ba. Yakan kunna ta, ya je ya yi alwala, ya dawo ya iske ba ta gama miƙa ba.

Ni kuwa, malamin lissafi a sakandare, mai digiri, na ba shi shawarar masana: ya goge tsofaffin hotuna ta sami sarari. Ya ce, "Farfesa, ba rumbu ne ya cika ba, tabarma ce ta yi kaɗan." Ma'ajiyar kwamfuta, in ji shi, rumbu ce, a nan komai yake kwana. Ram kuwa tabarmar da ake baza hatsi a kai a yi aiki. In tabarmar ƙarama ce, dole a riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan ana komawa, kuma ko an kwashe rabin rumbu ba za ta ƙara faɗi ba. Ya zare wayar wuta, ya kwance murfin, ya taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu kafin ya taɓa komai a ciki. Ya nuna mini wani koren falle mai kama da guntuwar rula, tsaye a gurbinsa, ga wani gurbin kusa da shi babu komai. Wannan fallen shi ne ram ɗin, na biyu kawai take nema.

A makon ina da taron bita a Kaduna. Ya ciro tsohon ram ɗin ya miƙo mini, ya ce in tafi da shi, ko fulogin babur mutum zai sayo, tsohon yake sawa a aljihu. Na ce wannan dabarar waɗanda ba su iya karatu ba ce, ya mayar da abinsa ya ci gaba da aiki. A shago, mai kayan ya tambaye ni zubi na biyu nake so ko na uku. Na yi lissafi irin nawa, uku ta fi biyu. Mutumin nan ya ce, "Malam, tsohuwar kwamfuta ba ta ɗaukar na uku. Ka kira mai ita ka tambaya." Na ce ya ba ni abin da na ce. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni a lokacin tambaya aikin 'yan ajina ce.

Kowane ram yana da 'yar tsaga a gindinsa, gurbi kuma yana da haƙori ɗaya da zai shiga tsagar. Kowane zubi da inda tasa tsagar take. Da na dawo gida na gwada, tawa ta kauce da abin da bai kai faɗin farce ba. Na fara dannawa da ƙarfi, Yaya ya riƙe mini hannu. Matarsa, Anti Rabi, ta shigo da abinci ta tambayi abin da ya faru. Bai ko dube ni ba ya ce, "Mai shago ne ya ba shi wani iri." Jarrabawa saura mako guda, ni kuma ina da aji, sai ya ce shi zai je ya canzo. Ya je, an canza masa ba gardama. A hanyar dawowa ne.

Sabon ram ɗin yana aljihunsa, naɗe tare da tsohon, a cikin kayan da aka kawo mana. Bayan sadakar arba'in na sa su a kwamfutar. Suka zauna daram, kwamfutar ta tashi kafin in gyara zama. Ban taɓa ganin aikin da ya yi kyau ya ba ni haushi irin wannan ba.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi kwamfutarsa ram nesa ba kusa ba. Mai neman irin wannan kaya hoton tsohon yake ɗauka ya tura, a ba direba ya kawo, ba wanda zai sa ransa a mota saboda guntuwar rula. Hanya ma an ce ta yi sauƙi, an yi sulhu. Ran kasuwa nakan ga fuskokin da suka fito daga daji suna taya shanu, in rasa ko wanda ya harbe shi ne yake neman ragi a gabana. An ce mu yafe, mun ji. Ba wanda ya zo ya ce mana ga abin da ya yi, balle mu san abin da muke yafewa. Yaya dai na san shi, zai ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ya koma kan aikinsa. Ni ban kai shi ba.

Sai dai bakina bai da ƙarfin zargin masu shiru. Shekara bakwai Anti Rabi tana ja wa mai shagon nan Allah ya isa, mutumin da ba ta taɓa gani ba. 'Yan bindiga ta bar su da Allah, amma shi da ya sa mijinta ya hau hanya ta riƙe shi a zuciya. Duk wannan ina zaune ina ji. Makon jiya, kafin in rubuta wannan, na je na same ta tana tsince shinkafa, na faɗa mata komai. Ta ajiye faifan shinkafar. Sannan ta ce, "Malam, shekara bakwai ina ɗaukar alhakin bawan Allah, kana zaune kana cin tuwona?" Na ce haka ne. Ta ce Allah ya isan mai shago ta janye, Allah Ya yafe mata. Nawa kuwa in ba ta lokaci.

Takardun da Yaya ya buga an daɗe da ƙunsa ƙosai a cikinsu. Kwamfutar tana ɗakina, ba mai nemanta. Abin da ya fi komai daɗewa a bayansa shi ne rufin asirin da ya yi mini a gaban iyalinsa. Shi don yini guda ya yi shi, kafin ya je ya dawo. Ni na miƙe ƙafa a ciki har shekara bakwai. Anti Rabi ba ta ce mini komai ba tukuna, kuma ban ga dalilin da zai sa ta yi sauri ba.