Rigar Fatar Baban Danyel

A tashar baburan 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwar Dogon Dutsi ba sai ka tambayi wane ne Danyel ba. Wanda ka gani cikin baƙar rigar fata da rana tsaka, gumi na tsiyaya amma ya ƙi tuɓewa, to shi ne. Sauran tufafinsa ba abin a zo a gani ba ne: koɗaɗɗen wandon jins da rigar ƙwallo ta wata ƙungiya da bai san ƙasarta ba, duk daga wajen 'yan bosho, masu sayar da gwanjo. Ita ma rigar fatar bosho ce, sai dai mahaifinsa Jacques ne ya tsinto ta cikin dila tun Danyel yana goye, ya yi ta zuwa majami'a da ita har ya rasu bara waccan. Ita kaɗai ya bar wa ɗansa.

To, sai rigar ta fara tsattsagewa a kafaɗa. Hankalin Danyel ya tashi, don gani yake in ta mutu ya sake rasa uba. Ya shiga neman shawara, garinmu kuwa ba a rasa masu ba da ita. Mai goge takalma ya ce siraj, wato baƙin man takalma. Danyel ya shafa, fasinjoji suka riƙa sauka da baƙin hannu suna mita. Wani ya ce a wanke ta, wani ya ce ruwa ne ajalinta. Mai bosho ya ce a shanya, tela ya ce ai rana ce ta cinye ta. Kowa ya faɗi tasa sai Danyel ya ce, "Gaskiya ne," ya koma gida kansa a ɗaure.

Ana haka ya ɗauko Mahmuda, wani makiyayi na wajen Sukukutane da yakan kai kasuwa. Mahmuda ya murza kafaɗar rigar ya yi tsaki.

"Ƙishirwa ta ka ji, abokina. Hwata ba ta son komi sai man shanu. Da shi mu ka gyaran guga da takalma."

Kasuwa mai zuwa ya kawo masa man cikin ƙwarya. Danyel ya zauna gindin bishiyar bedi ya yi ta murzawa, ciki da waje, har wuya da aljihu bai bari ba. Abin mamaki, fata ta yi laushi, ta ɗauki sheƙi, tsagar ta kwanta. Ƙudaje sun bi shi, amma ko a jikinsa.

Ran Lahadi da safe ya shiga ɗakin mahaifiyarsa Thérèse yana washe baki, ya miƙa mata rigar. Ba ta ko dubi kafaɗar ba. Wuyan rigar ta kai hancinta, ta daɗe a haka.

"Mi kay yi mata, Danyel?"

"Gyara ta na yi, Inna. Ba ki ga ta koma sabuwa ba?"

"Kullum in ka rataye ta ka tahi wanka, nikan zo in shinshina nan. Ƙamshin babanka na wurin. Yanzu saniya ni ka ji."

Ta mayar masa, ta ɗauki gyalenta ta fita. Danyel ya tsaya da rigar a hannu, ya rasa ko gyara ya yi ko ɓarna. Ya kai wuyan rigar hancinsa ya shaƙa, ya sake shaƙa. Bai ma san irin ƙamshin da zai nema ba.