Ranar da Kawu Bala Ya Ɗanɗana Teku

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin cikin gari na LRT da Kawu Bala daga Masjid Jamek ya san ba ya zama. Can gaba yake kutsawa, ya tsaya jikin gilashi, ya dafa ƙarfe, ya haɗe rai. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Zariya da Kano kafin 'yarsa, Yaya Rabi, ta ɗauko shi ya zauna da su a nan ƙasar 'yan Malay, kuma har ya bar duniya bai yarda da jirgin da ba direba ba.

Na ce, "Kawu, na'ura ce ke tuƙawa."

Ya ce, "To shi ya sa na tsaya. Ai dole babba ya sa mata ido."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina karatun digirin dakta a jami'ar da ke Jalan Semarak, kuma saboda karatun ya ƙi ƙarewa yake kirana Dakta Saura Kaɗan. Da ciwon zuciya ya kama shi, likita ya ce ya zauna ya huta. Bayan kwana uku ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Wai ya ji akwai jirgin da ke ratsa duwatsu da daji har Tumpat, bakin teku, shi kuwa shekara saba'in da biyu bai taɓa taka bakin teku ba.

Na ce jirgin sama awa ɗaya ne.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tekun guduwa zai yi?"

Tsoro nake ji ƙwarai, amma wa ya isa? Na zuba magungunansa a aljihu, ya bar wa Yaya Rabi takarda a kan firji, muka sulale. Mun canza jirgi a Gemas kenan wayarta ta shigo.

"Baba! Me likita ya ce?"

"Cewa ya yi in zauna. Ga ni a zaune, Rabi. Jirgin ne ke tafiya."

Ni ta zage, shi kuma yana yi mini alama in daure.

Gari ya waye mana wajen Gua Musang. Duwatsu tsaye kamar an yanka su da wuƙa, hazo kwance a kan itatuwa, kogi ja-ja-wur a ƙasan gada. Kawu ya manna goshi a taga kamar yaro. Duk ramin dutsen da muka shiga sai ya yi bisimilla da ƙarfi, in mun fito ya ce, "Direban nan ɗan halak ne."

Sai yunwa. Kun san ba ya cin abincin hanya. Ya jawo kula, ya buɗe tuwo da miyar kuka da ya dafa da kansa, daddawa kamar ya yi gaba da ita. Wari ya cika taragon. Can sai ga mai duba tikiti yana shinshina, yana tambayar wanda ya shigo da durian, 'ya'yan itacen nan mai warin da aka hana shiga jirgi da shi.

Da na fassara, Kawu ya miƙe. "Miyata ce durian?"

Malay ɗinsa kalma uku ne, ya juye su duka: "Makan, boleh, lah." Wato ci, za ka iya, mana. Ya danƙa wa mutumin cokali. Bawan Allah ya ɗanɗana don kunya, ya sake ɗanɗanawa, sai ya zauna. Kafin Dabong sun suɗe kular, Kawu na ba shi labarin tashar Zariya da Hausa, shi kuma mutumin yana gyaɗa kai.

Da azahar muka isa Tumpat, tasi ta kai mu bakin ruwa. Ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya tsaya ya sunkuyar da kai. Na zaci kuka yake. Sai ya ɗibo da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar.

"Girma dai akwai. Amma gishiri ya yi yawa."

Nan ya yi alwala, ya ja ni salla a kan yashi, ya daɗe a sujada har na fara tsorata. Da ya sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Dakta, na gode." Bai ƙara da saura kaɗan ba.

Wata huɗu bayan nan ya rasu, a gadonsa, Yaya Rabi na gefensa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Mu kuma da ya bari a hanya, Allah ya sauke mu lafiya.