Zanen Zumuntar Mama

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, ni da maiɗakina, muka nufi Zariya wurin Mama. Ga waɗanda ba su sani ba, mahaifiyata tana fama da ciwon mantuwa, tana zaune a Samaru wurin yayata. Tun ranar da ta fita ta ɓata, aka tsinto ta a tasha, Yaya ta fara kulle ƙofa. Ban ga laifinta ba. Amma zaman ɗaki ya ci ƙafafun Mama, har likita ya ce in ba ta koma tafiya a kai a kai ba, nan gaba kaɗan tashi tsaye ma zai gagare ta. Maganar nan ce ta taso ni.

Hanya wani wuri sumul, wani wurin kuwa sai addu'a. A Mararraban Jos muka karya da ƙosai da kunu. Na ce kaɗan zan ci, maiɗakina ta ce ta ji, ta sa aka ƙaro. Damina ta zauna sosai, masara kore shar dama da hagu har muka kai Kwangila.

Samaru tana nan yadda na san ta, ɗalibai suna magana rabi Hausa rabi Turanci, masu keke suna hon kamar don shi ake biyansu. Na tarar da Mama a bakin gado, ƙafafu a kumbure. Ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta tambayi mutanen gida. Na amsa da ƙyar.

Ni kuwa na zo da dabarata ta ɗan birni. Na ga wani gidan motsa jiki a waya, na kafe can za mu. Da lallami muka sa ta a mota. Ashe wurin a saman bene yake, matakalar ba abin riƙewa, muka hau da ita kamar masu ɗauke da ƙwai. A bakin ƙofa akwai baƙar tabarmar roba. Mama ta ja ta tsaya, ta ce rami ne, sai da aka naɗe tabarmar sannan ta shiga. Ciki kiɗa kamar zai fasa kunne, bango duk madubi. Ta hango wata tsohuwa tana kallonta, ta ce a gaya wa matar nan ta daina bin ta. Mai wurin mutumin kirki ne, ya kashe kiɗan, ya ba mu haƙuri, ya ce da yake tsara wurin bai taɓa kawo irin su Mama a ransa ba. Muka sauko, muka koma gida.

Da yamma wata tsohuwar ƙawar Mama ta zo dubiya, ta ji labari, ta yi mini dariya son ranta.

“Ku yaran yanzu ke nan. Wa ya ce maka injin motsa jiki take so? Gobe akwai gwajin waƙa, ku ɗaura mata zanen zumunta ku gani.”

Mama ta yi shekaru a zumuntar mata ta cocinmu na Muchia, unguwar da muka tashi, kuma matan suna da zanensu iri ɗaya da ba a ɗaura shi sai za a fita hidima. Washegari Yaya ta ciro shi daga ƙasan akwati. Ana ɗaura mata, Mama ta gyara ɗankwali da hannunta, ta miƙe ba wanda ya kama ta, ta ce mu yi sauri mun makara.

Muka ratsa Sabon Gari cikin cunkoso, ƙamshin busasshen kifi da manja yana biyo mu ta taga. A harabar cocin na ga abin da ban zata ba. Saboda tsofaffinsu, matan sun sa an fasa matakala an yi gangare da ƙarfen dafawa. An kwashe duwatsu, an ajiye benci a kowace inuwa, ƙofar fita ɗaya ce tak, mai gadin kuma ya san fuskar kowa. Ba wanda ya ambaci motsa jiki. Aka fara kiɗan tulu kawai, mata suka jera suna zagaya harabar da takun rawa a hankali. Mama, wadda sunana ya ɓace mata, ta kama waƙar tun daga farko har ƙarshe. In ta gaji ta zauna, in ta huta ta koma layi. Na juya baya na yi kukana, ban kuma ji kunya ba.

Kafin mu tashi an shirya magana: sau biyu a mako Yaya za ta riƙa kawo ta. Allah ya saka wa matan nan, ya saka wa Yaya da take ɗauke da abin da ni nake leƙowa kawai.

Ranar komawa na durƙusa na yi mata sallama. Ta ce, “Tsaya in taka maka, ɗan nan.” Har yanzu baƙo ne ni, ita kuwa ba ta taɓa barin baƙo ya fita shi kaɗai ba. Ta tako da ƙafarta, Yaya na gefe, har bakin titi. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ka gaida mamanka.”

Mun iso Kaduna lafiya da la'asar. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai mantuwa ba zai bi ka wurin da bai sani ba, sai dai ka gyara masa wurin da jikinsa ya saba. Ina ajiye jaka na kira Yaya, na ce ta miƙa wa Mama waya, na isar da gaisuwar.