Tulun Tagullar Yaya Altine

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Muhammadu Altine, mai gyaran risho, wanda mutanen Bagudo suka fi sani da Altine Kwana-kwana. Bai taɓa sa kakin 'yan kwana-kwana ba, bai kuma taɓa hawa motarsu ba. Sunan ya samo asali ne daga wani tulun tagulla na kashe gobara da ya ɗauro a bayan keke daga ƙetaren iyaka. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, kafin in tuna jinyarsa, tulun nan nake fara tunawa, sai in samu kaina ina dariya ni kaɗai.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara. Rumfarsa tana bakin kasuwa, cike da risho da fitilun ƙwai da tociloli da ke jiran gyara. Mutum ne da ba ya iya wuce ƙarfe a yashe sai ya ɗauka ya jujjuya, ya tambayi aikin da aka ƙera shi dominsa. Wata ranar kasuwa ya bi ta Tsamiya ya shiga Segbana, a ƙasar Benin da tsofaffinmu ke kira Dahomi, don ya sayo lagwani da ƙwan fitila. A wurin mai tsofaffin ƙarafa ya ga tulun. Tsayinsa ya ɗan wuce gwiwar babban mutum, da murfi mai zare a kansa, da ɗan tiyo a gefe, jikinsa kuma duk rubutun Faransanci. Mai kayan cewa ya yi na feshin gona ne. Yaya bai yarda ba. Ya ɗauke shi ya kai wa wani dattijon abokinsa cikin Dandawan garin, Baba Zibo, wanda ya yi aiki a gidan gurzar auduga tun yana saurayi.

Baba Zibo na ganinsa ya gane shi, don irinsu ne ake ratayewa a bangon inda ya yi aiki. Ya kwance murfin ya nuna masa cikinsa. Ana cika tulun da ruwa, a narka soda a ciki. A ƙarƙashin murfin akwai ɗan keji da ke riƙe da kwalbar ruwan guba mai cin fata, irin na batirin mota. Muddin tulun yana tsaye, ba abin da zai faru. Amma da zarar an kife shi, abin da ke cikin kwalbar ya zube cikin ruwan soda, sai iska ta taso da ƙarfi, ta rasa hanyar fita, ta tunkuɗo ruwan ta tiyo. Ba famfo, ba inji. Ya kuma ja masa kunne da abu biyu: in an kife shi ba ya tsayawa sai ya ƙare, kuma in bakin tiyon ya toshe, tulun kansa ne zai fashe.

Yaya ya dawo gida ba lagwani ko ɗaya, sai tulu. Sodar da aka faɗa masa ba ya da ita, amma ya zauna ya yi tunani, ya ce ai kanwa 'yar'uwarta ce. Ya ɗiga ruwan batir a kan ɗan guntun kanwa, ya ga ta yi kumfa tana tsuwwa, ya yi murmushi. Kanwar kuwa ta mahaifiyarmu ce, Inna, wadda take ajiyewa a ƙwarya don kunu da miya. Ya jiƙa ta, ya tace da ƙyalle sau uku don kada tsaki ya toshe tiyo.

Gwajin farko bai yi armashi ba. Kanwar ta yi kaɗan, ruwan ya ɗan tsirto ya zube a kan ƙafarsa. A na biyu ya ƙara hannu sosai, ya kuma gayyato maƙwabta bayan la'asar su zo su ga abin mamaki. Ya tara karan dawa a tsakar gida ya kunna, ya yi bisimilla, ya kife tulu. Sai muka ji wani gurnani daga cikinsa, kafin Yaya ya gyara tsayuwa tiyon ya suɓuce masa ya shiga wutsil-wutsil. Ya jiƙa maƙwabta, ya jiƙa kuɓewar da Inna ta shanya, ya kori kaji har bisa katanga. Yaya na bin tiyo, jama'a na neman ƙofa. Wutar karan nan kuwa tana can tana cin abinta, ko ɗigo bai same ta ba. Matarsa Indo ce ta zo da buta ta kashe ta.

Inna na zaune bakin ɗakinta tana share fuska da gefen zane, ta ce, "Altine, kanwata ka kwashe don ka wanke mani kaji? Wutar ko ba ta san ka zo ba." Daga ranar aka fara kiransa Kwana-kwana, kuma da tsokana aka fara.

Tsokanar ba ta hana shi komai ba. Ya sake cika tulun ya kafa shi a kusurwar zaure. Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya zura silin keke a bakin tiyon ya tabbatar a buɗe yake. Kowace shekara bayan girbin shinkafa ya zubar da ruwan ya haɗa sabo, kuma a ranar, kafin ya cika shi, sai ya tara matan gidan ya sa kowace ta gwada da tulun ba komai a ciki. A ɗauke shi a tsaye har gaban wuta, a riƙe tiyo tukuna, sannan a kife, a nufi gindin wuta ba harshenta ba. Muna yi muna ƙyalƙyala dariya, shi kuwa fuskarsa ba wasa. Cewa yake gobara ba ta cika tashi maza na gida ba, saboda haka mu ne ya kamata mu iya.

Shekara huɗu tulun yana tsaye. Sai wata bazara, lokacin ina koyarwa a firamare, an ba mu hutu na zo zama da Inna, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Bayan azahar, maza duk suna kasuwa, iska ta ɗauki garwashi daga murhu ta jefa a zanar da ta raba madafa da ɗakin Inna. Kafin mu ankara zanar ta kama daga wannan gefe zuwa wancan, harshen wuta yana lasar bakin jinkar ɗakin. Randa saura kwano biyu a cikinta, rijiya kuma tana bayan gida. Indo ta kutsa ɗakin tana ƙoƙarin ɗaga Inna, amma Inna mace ce mai jiki, ba ta ɗaguwa ga mutum ɗaya, ƙofar kuma wutar take kallo.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Na rungumi tulun a tsaye, nauyinsa kamar zai ɓalle mani ƙugu, ina tafiya ina jin muryar Yaya a kunnena cewa kada in karkata shi. Na dire shi, na damƙe tiyo da hannu ɗaya, na tura shi ya kife. Gurnanin nan ya taso, ruwa ya fito da ƙarfin da ya girgiza mani kafaɗa. Na nufi gindin zanar ta wajen ƙofa, na bi ta a hankali, sannan na ɗaga zuwa bakin jinka. Bai fi minti ɗaya ya yi yana feshi ba, amma ya buɗe hanya. Matan maƙwabta da suka jiyo ihu suka shigo, biyu suka taya Indo fito da Inna, sauran suka ture ragowar zanar ƙasa suka bi ta da bokitai.

Yaya ya iso a guje, ba takalmi a ƙafarsa. Ya durƙusa gaban Inna yana duba hannuwanta da ƙafafunta, idonsa cike da hawaye. Da ya tabbata ba abin da ya same ta sai tari, ya waiga ya hangi tulu a kife.

"Wa ya kihe shi?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

"Ya yi ƙara? Ina ruwan ya kai?"

Sau uku ya sa na maimaita masa labarin, har da nuna inda na tsaya. Daga baya ya zauna a kan turmi ya riƙe haɓa, ya ce shekara huɗu yana jiran ranar nan, sai ta zo yana can yana gyaran tocilar wani. Inna ba ta yabe shi ba, don ba halinta ba ne yabon ɗa a gabansa. Sai ta kalli Indo ta ce, "In ya nemi kanwa, ku ba shi."

Yanzu idan na shiga mota zuwa Kamba ko Birnin Kebbi, na ga direba ya zaro ɗan jan tulun zamani daga ƙarƙashin kujera don ya nuna wa masu duba motoci, sai in ce ina ma Yaya na nan. Na san zai karɓa ya jujjuya, ya yi murna da rashin nauyinsa, ya yi mamakin cewa ana iya matsa shi a saki, a sake matsawa. Amma na san abin da zai biyo baya. Zai kalli allurar da ke kansa ya tambayi direban yaushe rabon da a duba shi, kuma ko ya taɓa gwada cire fil ɗin. Da yawa cikinsu ba su da amsa. Tukwanen gas da suka shiga madafanmu, da wayoyin sola da aka ja ta cikin rufi, da jarkokin fetur da ake jerawa a bakin hanya, duk za su hana shi zama. Masu tsayawa ɗaukar hoton gobara da waya kuwa, ba na jin zai yi musu faɗa. Bokiti zai miƙa musu.

Shi da kansa ya yi wa tulun ritaya, shekaru kaɗan kafin ciwon da ya ɗauke shi. Ya ga kore-kore ya fito a wajen ɗinkin tagullar, ya ce ba zai bari abin da ya ceci uwarsa ya raunata wani ba. Ya huda gindinsa da ƙusa don kada wani ya cika shi bayan ba ransa. A shekarun nan na ƙarshe, abin da ya fi damunsa shi ne mai. Ya san tulun ruwa ba ya maganin wutar fetur ko ta man suya, sai ma ya watsa ta. Ya bi masu sayar da fetur a kwalba da masu tuyar ƙosai ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su ajiye bokitin yashi da buhu a kusa. Wasu suka ji, wasu suka ce Kwana-kwana ya zo da sabon karatu.

Watan jiya an yi suna a unguwarmu, ina zaune wajen masu girki, sai kaskon mai ya kama da wuta. Wata baƙuwa ta sunkuci bokitin ruwa. Wata matashiyar mata, da ba ta wuce 'yar firamare ba lokacin da Yaya ke yawon nan nasa, ta riƙe mata hannu ta ce, "Ba a zuba ma mai ruwa!" Ta ja babban faranti ta rufe kaskon, ta janye itacen, wuta ta mutu, aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba. Na kira ta na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Ba kowa, Gwaggo, ai haka aka saba yi nan."

Bai bar gida mai bene ba, bai bar sarauta ba, ko hotonsa guda biyu kawai muke da su. Amma ya bar ɗabi'a a hannun mutanen da ba su ma san daga gare shi ta fito ba, kuma ina kyautata zaton irin wannan ladar ba ta yankewa. Allah Ya jiƙan Yaya Altine, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da Inna a gidan rahama.

Na ce wa yarinyar nan akwai wanda ya fara, sunansa Altine, in ta idar da salla ta sa shi a addu'a. Ta ce to, Gwaggo, ta ɗaga farantin, ta ci gaba da suyarta.