Safar Hannun da Baba Ya Ɗinka, Sunan Wani a Kai

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi Baduku na unguwar Hindawiyya, kuma har yau in na tuna shi, ɓacin rai ne ke riga hawaye zuwa.

A Jidda aka haife shi, jikan mahajjata. Takalma yake ɗinkawa, har ranar da wani Ba'amurke mai aiki a tashar jirgin ruwa ya kawo masa yagaggiyar safar hannu ta fata, ƙatuwa, irin wadda suke cafe ƙwallo da ita a wasansu na besbol. Baba ya farke ta gaba ɗaya, ya auna, ya yanka kirgi, ya ɗinka sabuwa. Kafin shekara ta zagayo, Amurkawan Jidda sun san ƙofarmu.

Amma Baba ba shi da takardar buɗe shago. Wani ɗan kasuwa a unguwar Sharafiyya ya zama kafilinsa, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa a hukuma, ya buɗe masana'anta, ya sa aka yi hatimi da sunan gidansu. Kura da shan bugu, gardi da suna. Shekara ashirin Baba yana sunkuye da basilla, ni kuma, bayan mutuwar mijina, ina ƙulla igiyar fatar da ke haɗa yatsun safar. Da idonsa ya dushe, da kalma ɗaya aka sallame shi: halas, wato shi ke nan da Larabci.

Bana jikan kafilin ya buga littafin tarihin masana'antar, wai kakansa ne ya ƙirƙiri safar da hannunsa. Mutumin da bai taɓa zura zare a allura ba! Akwai hoton Baba a ciki, an rubuta "ɗaya daga cikin ma'aikata". Da yana raye cewa zai yi, "Bar su, Hauwa, Allah na gani." Ni ban gaji haƙurinsa ba.

Watan jiya jikan ya biyo ni har unguwarmu, Kurayyat. Masu tara kayan tarihi suna neman tsohon ɗinki, kuma a masana'antar ba wanda ya iya ƙullin.

"Ya Hajja, ki koya wa ma'aikatanmu, don Allah."

"Ka fara rubuta sunan ubana a littafinka."

"An riga an buga, ya Hajja."

"To, ni ma hannuna ya riga ya tsufa."

Me ya rage na Baba? Ba gida, ba shago, kabarinsa ma ba alama, kamar na kowa a nan. Sai ƙullin nan da ke yatsuna. Na koya wa jikokina mata biyu, kuma ba wadda ke taɓa fata sai ta faɗi sunan mai shi.