Kwalbar da ke Gindin Randa

Kowa a Dutse ya daɗe da yar da takunkuminsa, ni ina nan sanye da nawa. Korona ta zo ta wuce, an buɗe makarantu, an koma musabaha, amma ni kullum sai na rufe hanci da baki kafin in fito daga gidanmu na Limawa. In an tambaye ni sai in ce mura. Murar shekara da shekaru! Yaran da nake koyarwa a firamare ba su yarda ba, suka raɗa mini suna Malama Korona, kuma da ladabinsu suke faɗa, har da rusunawa.

Gaskiyar maganar, kuraje ne. Fatata irin mai saurin fushin nan ce, sabulu mai ƙamshi ya taɓa ta sai ta hau ƙaiƙayi. Kowane ƙurji kuma in zai tafi sai ya bar mini baƙin tabo, har kumatuna suka zama kamar an watsa wa tuwo barkono. Ina jin kunyar fuskata, kunya mai ciwo, wadda ko madubi ban so mu haɗa ido.

Ana tsakiyar zafin bazara shugabar makarantarmu ta kira ni. Ta ce sabuwar shekarar karatu aji ɗaya za ta ba ni, ajin da na daɗe ina roƙo.

"Amma da sharaɗi, Malama," in ji ta. "Yaron da ke koyon harafi sai ya ga bakin malaminsa. In ba za ki cire wannan abin ba, ofis zan mai da ke ki riƙa cike rajista."

Ni da ke mafarkin allo da alli, a ce in ƙare a cikin takardu? Na fito ina lissafi: wata biyar ya rage mini.

A waya na karanta cewa bitamin C yana rage tabo. Na faɗa wa mahaifiyata, Inna, tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To mene ne bitamin C ɗin in ba lemon tsami ba? Ga shi can cike da kwando. Zo nan."

Ta raba lemo biyu ta goge mini fuska tas, kamar tana wanke tukunya. Da na ce da zafi, sai ta ce zafin shi ne aikin. Na jure, na hau Keke Napep na tafi makaranta cikin ranar nan. Kafin la'asar fuskata ta kumbura, bayan kwana uku ta fara saɓa. Tabon da nake kuka da shi ya ninku. Inna ba ta ce a yi haƙuri ba, ba halinta ba ne, amma sati guda ba ta iya kallona, kuma kwandon lemon ya ɓace daga tsakar gida.

Akwai wata nas 'yar Filato da ke haya a Takur, ƙawar yayata, muna ce mata Anti. Wurinta na je. Ta ce in cire takunkumi, ta duba, ta riƙe baki.

"Ke yarinyar nan, fuska ce ko miya, da za ki matsa mata lemo?"

Ta hana ni shafa komai sai mai marar ƙamshi har fatar ta warke. Bayan sati uku ta sa na nemo 'yar kwalbar ruwan bitamin C marar ƙarfi, wanda aka yi don fata irin tawa. Ta ce in fara gwadawa a bayan kunne in jira kwana biyu. In bai yi ƙaiƙayi ba, ɗigo uku kawai, sau biyu a sati, da safe, in bi shi da man kariyar rana. Ban da matsar ƙurji, ban da haɗa shi da wani abu.

Na bi doka sau da ƙafa. Abu ɗaya na manta ban tambaya ba: inda ake ajiye shi. Na ɗora kwalbar a taga, a ɗakin kwano, a zafin Dutse. Kafin wata ya cika, ruwan da na sayo fari ya koma kalar shayi, kuma da na shafa sai raɗaɗi. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, don na ɗauka fatar tawa ce ta sake ƙi.

Da na kira Anti a waya na faɗa mata, dariya ta yi. Ta ce ba ni ba ce, zafi da haske ne suka kashe shi, a firij ake sawa.

"Anti, firij ɗinmu ai kabad ne," na ce. "Rabonmu da wuta tun shekaranjiya."

Ashe Inna tana ji daga bakin ƙofa. Da na kawo sabuwar kwalba, sai ta miƙo hannu.

"Sanyi yake so da duhu? Kawo."

A lungun rumfarmu akwai tsohuwar randarta, wadda aka binne gindinta cikin yashi. Kullum da safe tana yayyafa wa yashin ruwa, shi ya sa ruwan randar nan ko a bazara yana ratsa haƙori. Ta naɗe kwalbar a leda, ta tona yashin, ta tura ta can ƙasa ta rufe da fasasshen kasko. Daga ranar ta zama mai gadi. In na idar da sallar asuba ita ke tono mini, ta tsaya tana ƙirga ɗigon da bakinta. Ranar da na so in yi huɗu, fizge kwalbar ta yi.

Har kwalbar ta ƙare, ruwan yana nan fari ƙal kamar yadda ya zo. Sauyin bai zo da gaggawa ba. Damina ta sauka, gero ya yi kai, sannan na lura baƙin kumatuna ya soma komawa ruwan ƙasa. Ƙurji yana fitowa jefi-jefi, amma in ya tafi ba ya barin sa hannu kamar da. Har yau akwai tabo biyu a haɓata da suka ƙi tafiya, na bar su su zauna.

Ranar da aka koma makaranta na tsaya a zaure da takunkumi a hannu. Na cusa shi a jaka, na fita. Iskar safiya ta taɓa kumatuna, abin da na manta daɗinsa. Tsofaffin 'yan ajina suka wuce ni ba su gaishe ni ba, sai da na yi magana wata ta ƙwalla ihu: "Laa, Malama Korona tana da baki!"

Na shiga aji ɗaya. Na rubuta harafin farko a allo, na juyo na buɗe bakina iya buɗewa na ce, "Aaa!" Ƙananan bakuna suka buɗe gaba ɗaya suna kallon nawa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Da na dawo gida na tarar Inna ta kwashe takunkumana na yadi duka daga ɗaki, ta ɗinke su wuri guda. Da su take sauke tukunya.

"Inna, in na sake buƙata fa?"

Ta ɗauke tukunyar miya da su, ta dire, sannan ta dubi fuskata, kallon da ta daɗe ba ta yi mini ba.

"Sun samu aiki," ta ce.